Firus na Efirus: Sarkin da ya ƙware a cin yaƙi, ya kasa riƙe abin da ya ci

A cikin sarakunan da suka taso bayan Iskandar Mai Girma, kaɗan ne suka kai Firus, sarkin Efirus, sanin makamar yaƙi. Ya karya rundunar Rumawa sau biyu, ya ƙwace kusan dukkan tsibirin Sisili daga hannun mutanen Kartaj, ya kuma hau gadon sarautar Makidoniya har sau biyu. Duk da haka, ba a jima da mutuwarsa ba kusan duk abin da ya ci da takobi ya koma hannun abokan gabansa.

An haifi Firus wajajen shekarar 319 kafin Miladiyya a Efirus, ƙasar duwatsu da ke tsakanin arewa maso yammacin Girka da kudancin Albaniya ta yau. Mahaifinsa, Sarki Ayakides, ɗan'uwa ne ga Olimfiyas, mahaifiyar Iskandar. Yana jariri aka tuɓe mahaifin nasa, sai wasu amintattu suka gudu da shi zuwa wurin Gilaukiyas, wani sarkin Iliriya, wanda ya riƙe shi tare da 'ya'yansa. Yana da shekara 12 aka mayar da shi gadon ubansa, yana da 17 aka sake korarsa, lokacin da ya tafi bikin auren ɗan mariƙinsa.

Gudun hijira ya zame masa makaranta. Ya bi mijin 'yar'uwarsa, Dimitiriyus, ya nuna jarumta a yaƙin Ifsus a shekarar 301. Daga baya aka tura shi Masar a matsayin jinginar sulhu, inda Sarki Batalimus ya yaba da hankalinsa, ya aura masa agolarsa Antigon, ya ba shi kuɗi da mayaƙa. A shekarar 297 ya koma Efirus, ya yi tarayya a mulki da Niyoftolemus, kafin daga bisani ya kashe shi ya haɗa sarautar a hannunsa. A 288 ya samu rabin Makidoniya, amma cikin 'yan shekaru abokin rabonsa Lisimakus ya fitar da shi.

Babban al'amarin rayuwarsa ya faro ne lokacin da birnin Tarantum, mazaunin Girkawa a kudancin Italiya, ya nemi ya kare shi daga Rum. A shekarar 280 ya haye teku da dakaru 20,000, mahaya dawaki 3,000, 'yan baka 2,000, masu majajjawa 500 da giwaye 20. A Herakiliya ya jera dakarunsa kafaɗa da kafaɗa, kowanne riƙe da dogon mashi, suka tare Rumawa. Da gumurzu ya yi tsanani sai ya saki giwaye. Dawakin Rum ba su taɓa ganin irin waɗannan dabbobi ba, suka firgita suka watse, mahayansa kuma suka ƙarasa aikin.

A nan rauninsa ya fara bayyana. Firus ya saba da sarakunan Girka, waɗanda idan an ci su a fage sukan nemi sulhu. Ya aiki mashawarcinsa Kiniyas zuwa majalisar dattawan Rum, amma wani tsohon dattijo makaho, Afiyus Kalaudiyus, ya sa aka ɗauko shi zuwa zauren, ya hana a karɓi tayin muddin baƙuwar runduna tana ƙasar Italiya. A shekarar 279 aka sake gwabzawa a Askulum. Bisa lissafin marubuci Hironimus, Rumawa sun rasa mutum 6,000, Firus kuma 3,505. Nasarar tasa ce, sai dai a cikin waɗanda suka faɗi akwai gogaggun hafsoshinsa da aminansa, kuma ba shi da inda zai samo madadinsu, alhali Rum tana ɗibar sababbin mayaƙa daga garuruwan ƙawayenta. Halinsa ya zama na ɗan kasuwar da kullum yake ƙirga riba, uwar kuɗi kuwa tana zagwanyewa. Daga wannan yaƙi ne Turawa suka ɗauki sunansa suna kiran duk nasarar da asararta ta fi amfaninta yawa.

Maimakon ya kammala da Rum, a 278 ya amsa kiran Girkawan Sisili ya tafi yaƙar Kartaj. Ya ci garin Eriks mai ƙarfin ganuwa, ya tura abokan gaba har ƙuryar tsibirin, amma Lilibiyum ta gagare shi. Sai ya ƙudurci haɗa jiragen ruwa ya kai yaƙi Afirka, ya tilasta wa biranen da suka gayyato shi ba da matuƙa, ya kashe ɗaya daga cikin manyan da suka buɗe masa ƙofar Sirakus. Mutanen da suka tarbe shi da murna suka juya masa baya. Ya koma Italiya, Rumawa suka taka masa burki a Benebentum a 275, ya isa gida da dakaru 8,000 da mahaya 500 kacal.

Bai zauna ba. A 274 ya ci Antigonus Gonatas ya sake karɓar Makidoniya, amma sojojin hayarsa suka tone kaburburan sarakuna a Ayigai suka kwashe dukiya, bai hukunta su ba, jama'a suka ƙullace shi. Kafin ya daidaita wannan ƙasa ya nufi Sparta a 272, inda har mata suka fito haƙa ramin kare gari. Ya kasa shiga, ɗansa Batalimus kuma ya mutu a hanyar janyewa. Daga nan ya kutsa Argos da dare. Giwa ta faɗi a bakin ƙofar gari ta toshe hanya, mayaƙansa suka cunkushe a lunguna. Yana fafatawa da wani saurayi, sai mahaifiyar saurayin ta jefo masa gasasshen yumɓun rufi daga saman gida, ya same shi a ƙeya ya faɗi, wani soja ya sare kansa. A shekarar ce Tarantum ta miƙa wuya ga Rum.

Hanibal, shahararren kwamandan Kartaj, ya sanya shi cikin manyan gwanayen yaƙi na duniya. Antigonus kuwa ya kamanta shi da ɗan caca mai sa'ar jifa wanda bai san yadda zai yi amfani da sa'ar ba.

Matasan yau da dama sun san ƙasarsa ta wasan kwamfuta Total War: Rome II, wanda kamfanin Creative Assembly ya fitar a 2013. Babban zangon wasan yana farawa ne a 272, shekarar mutuwarsa, kuma Efirus na cikin ƙasashen da ake iya jagoranta. Wasan ya iya nuna jeren dakaru da ɓarnar giwaye, amma a cikinsa rundunar da ta yi asara takan cike giɓinta da kanta idan ta huta a ƙasarta. Firus bai samu wannan sauƙi ba. Hafsoshin da ya bari a Herakiliya da Askulum ya ɗauki shekaru yana horar da su, kuma har ya mutu bai mayar da gurbinsu ba.