Mano Dayak: ɗan Abzin da taron ƙasa bai share wa hawaye ba

Duk wanda ya sauka a filin jirgin saman Agadas sunan Mano Dayak ne ke tarbarsa. Sai dai da yawa daga matasan Arlit da Akokan ba su san cewa mai sunan ya daɗe yana neman haƙƙi da baki da alƙalami kafin ya ɗauki bindiga ba.

An haife shi wajen shekarar 1950 a kwarin Tidene, cikin duwatsun Abzin, a gidan makiyaya. Ya yi boko a Agadas, ya ƙaro karatu a Amurka da Faransa, sannan ya dawo gida ya kafa kamfanin yawon buɗe ido mai suna Temet Voyages. Ya taimaka wa masu shirya tseren motocin Paris-Dakar wajen ratsa hamadar Tenere, har Turawa suka san shi fiye da ministocin ƙasar da dama. A wannan zamanin ne kuma uraniyom ya zama ƙashin bayan arzikin Nijar: Somair ta fara haƙa a Arlit a 1971, Cominak ta biyo baya a Akokan a 1978. Kuɗin na tafiya Yamai da Paris, makiyayan yankin kuwa fari na cinye musu dabbobi.

Shekarar 1990 ce ta juya rayuwarsa. Ranar 9 ga Fabrairu jami'an tsaro suka buɗe wuta kan ɗaliban da ke zanga-zanga a gadar Kennedy da ke Yamai, aka kashe uku bisa ƙidayar hukuma. Jinin ya tayar da ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai, har Janar Ali Saibou ya amince da tsarin jam'iyyu da yawa. A watan Mayu kuma sojoji suka kashe Abzinawa fararen hula a yankin Tchintabaraden, bayan wani hari da aka kai garin. Mano na cikin waɗanda suka kai labarin kunnen duniya.

Da aka buɗe babban taron ƙasa ranar 29 ga Yulin 1991, mutanen arewa sun sa rai cewa guguwar da ta karya mulkin soja za ta bi musu kadi. An saurari batun Tchintabaraden, an tsare hafsa guda, amma a Fabrairun 1992 sojoji masu bore suka fito da shi. A Agustan shekarar kuma aka yi ta kama Abzinawa a Agadas ba tare da shari'a ba. Dimokuraɗiyya ta samu a babban birni. A Abzin kuwa shingayen sojoji ne suka ƙaru.

A 1992 ya wallafa littafinsa Touareg, la tragédie, ya shiga tawaye, a 1993 ya kafa ƙungiyarsa ta FLT bayan ya raba gari da Rhissa Ag Boula. Buƙatunsu sun haɗa da ƴancin tafiyar da yankunansu, da kaso daga kuɗin ma'adinai, da aiki ga ƴan yankin. Masu sukarsa na cewa ya fi iya magana da ƴan jaridar Paris fiye da haɗa kan mayaƙa, kuma rabuwar kawunan da aka gani a lokacin ba ta ƙaryata su ba. Duk da haka, ba a kai ga teburin sulhu ba sai da shi.

An sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 24 ga Afrilun 1995. Mano bai gamsu da yadda ake aiwatar da ita ba. Ranar 15 ga Disamba ya shiga ƙaramin jirgi don ganawa da gwamnati a Yamai, jirgin ya faɗi jim kaɗan da tashinsa a Abzin. Makonni shida bayan haka, ranar 27 ga Janairun 1996, Kanal Ibrahim Baré Maïnassara ya kifar da zaɓaɓɓiyar gwamnatin da zanga-zangar 1990 ta haifar.

Wasu abubuwan sun tsaya. 24 ga Afrilu ta zama ranar haɗin kan ƙasa, an yi zaɓen ƙananan hukumomi a 2004, dokar ma'adinai ta 2006 ta ware wa yankunan da ake haƙa kashi 15 cikin ɗari. Amma a 2007 ƙungiyar MNJ ta sake ɗaukar makami da kusan buƙatun da Mano ya bari, har ta kai hari sansanin Areva da ke Imouraren, kimanin kilomita 80 kudu da Arlit. A 2009 shugaba Tandja ya aza harsashin mahaƙar, aka yi wa matasa alkawarin dubban ayyuka. An dakatar da aikin da farashin uraniyom ya faɗi, a Yunin 2024 kuma gwamnatin soja ta ƙwace lasisin daga hannun Orano.