Shehu Haris al-Muhasibi, Malamin Tsaron Zuciya

 Wannan mako za mu kawo muku tarihin Shehu Haris ɗan Asad, wanda aka fi sani da al-Muhasibi, malamin da ya ƙarar da rayuwarsa wajen koyar da yadda mutum zai tsare zuciyarsa daga waswasi da firgici.

An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekara ta 165 bayan Hijira, watau 781 Miladiyya, amma a Bagadaza ya yi yawancin rayuwarsa. Ya sami wannan laƙabi ne saboda yawan yi wa kansa hisabi, abin da malamai ke kira muhasaba. An ruwaito cewa mahaifinsa ya rasu ya bar masa dirhami 70,000, shi kuwa ya ƙi taɓa ko ɗaya saboda saɓanin aƙida da ke tsakaninsu, alhali yana cikin bukata.

A cikin babban littafinsa, Ar-Ri'aya li Huƙuƙillahi, ya bayyana cewa kowane saɓo da tunani yake farawa. Don haka ya umurci almajiri da ya tsaya gadi a ƙofar zuciyarsa, duk tunanin da ya faɗo masa kada ya bi shi da gaggawa, ya dakata tukuna ya auna shi da Alƙur'ani da Sunna, ya gane ko daga Allah ne, ko son rai ne, ko kuwa Shaiɗan. Da haka ake kama riya da jiji da kai da girman kai da hassada tun ba su yi saiwa ba. Ya haɗa wannan da muraƙaba, watau bawa ya riƙa tuna cewa Allah Yana ganinsa a kowane hali.

Sa'an nan ya rubuta wani ƙaramin littafi, Kitabut Tawahhum, inda ya kira mai karatu ya zauna cikin natsuwa ya suranta Lahira a zuciyarsa kamar yana ganinta. Ya bi da shi daki-daki, daga magagin mutuwa da tambayar kabari, zuwa tashin ƙiyama da zafin tsayuwa, da mizani, da siraɗi, har ƙofofin Aljanna da ganin Ubangiji. Hikimar abin ita ce, wanda ya saba hango wannan babbar rana, zagin mutane da yabonsu sai su ƙanƙance a idonsa, tsoron Allah kuwa ya cika zuciyar har sauran tsoro ya rasa mazauni.

Duk da haka bai yarda mutum ya guji jama'a ba. Almajirinsa Junaidu, wanda daga baya ya zama shugaban sufayen Bagadaza, ya kasance mai son kaɗaita. Sai malamin ya riƙa fito da shi daga gida suna tafiya tare yana amsa masa tambayoyi, don ya nuna masa cewa natsuwar gaskiya a zuci take, taron mutane ba ya ƙara ta, watsewarsu ba ta rage ta.

Allah kuwa Ya jarrabe shi da abin da ya koyar. A zamaninsa Mu'utazilawa suka sami goyon bayan hukuma, har Halifa Ma'amun ya fara tilasta wa malamai aƙidarsu a shekara ta 218, watau 833. Shehu Haris ya yi musu raddi da irin hujjojinsu na hankali. Imam Ahmad ɗan Hambali bai yarda da wannan hanya ba, ya hana mutane zama da shi. Ko da yake an ruwaito cewa Imam Ahmad ya taɓa sauraron wa'azinsa a ɓoye har ya yi kuka, jama'a suka janye jiki, malamin ya koma gida ya lazimci ibada. Ya rasu a Bagadaza a shekara ta 243, watau 857, kuma an ce mutum 4 kaɗai suka yi masa salla.

Amma iliminsa bai bi shi kabari ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505, watau 1111, ya ambaci littattafansa cikin waɗanda ya karanta lokacin da yake neman gaskiya, kuma tasirinsu a fili yake cikin Ihya'u Ulumiddini da ake karantawa a zaurukanmu.

To, 'yan'uwa, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda yake so zuciyarsa ta dake ranar da kasuwa ta karye, ko masoya suka juya baya, sai ya fara horar da ita tun yana cikin lafiya. Ya keɓe ɗan lokaci bayan sallar Asuba ko kafin barci, ya bi ayyukansa ɗaya bayan ɗaya, ya nemi gafara, ya suranta tsayuwarsa gaban Mahaliccinsa.

Allah Ya jiƙan Shehu Haris, Ya tsare zukatanmu, Ya sa mu cika da imani, amin.