Tarihin Marigayi Andrew Foster, Uban Makarantun Kurame a Afirka

Mutanen birnin Zazzau ba su bukatar a yi musu bayanin ciwon sanƙarau. Idan bazara ta kama, zafi ya tsananta, ƙura ta tashi, to a lokacin ne yakan shigo gari, kamar yadda ya yi a shekarar 1977, sa'ad da aka yi ta kwasar marasa lafiya zuwa asibitin Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne halin da waɗansu daga cikin waɗanda suka warke sukan shiga. Mutum ya kwanta yana jin kiran salla, ya tashi bai ƙara jin ko da tsawa ba. Ga shi da bakinsa, ga shi da hankalinsa, amma zaman zaure ya gagare shi, domin hira ta wuce shi. To, irin wannan ciwon ne ya kurumtar da mutumin da za mu ba da tarihinsa yau, ko da yake shi a wata uwa duniya abin ya same shi.

An haifi Andrew Foster ran 27 ga watan Yuni, 1925, a Ensley, cikin Jihar Alabama ta ƙasar Amurka. Baƙar fata ne, mahaifinsa kuwa mahaƙin kwal ne. Yana da shekara 11 sanƙarau ya kama shi tare da wani ɗan'uwansa, dukkansu biyu suka tashi ba su ji. Watau dai ba a haife shi kurma ba. Ya riga ya iya magana, ya san muryar uwarsa, sannan aka rufe masa ƙofar. Aka kai shi makarantar kurame ta baƙaƙen fata a garin Talladega, inda ya shiga cikin masu maganar hannu, ya koyi sabon harshe da yatsunsa kamar yadda jinjiri yake koyon na baki.

Amma a zamanin nan na wariyar launin fata karatun makarantar bai wuce na firamare ba. Saboda haka da ya zama saurayi sai ya koma birnin Detroit, yana aikin ƙarfi da rana, yana karatu da dare, waɗansu darussan kuma ta hanyar wasiƙa, har ya sami takardar shaidar sakandare. A 1951 Kwalejin Gallaudet ta birnin Washington, wadda ita ce babbar makarantar kurame ta duniya, ta karɓe shi. Ya gama a 1954 da digiri a fannin koyarwa, yana cikin baƙaƙen fata na farko da suka taɓa yin haka a can. Cikin shekara biyu da suka biyo baya ya ƙara digiri biyu.

Foster Kirista ne mai riƙo da addininsa, kuma burinsa shi ne ya zo Afirka aikin mishan a cikin kurame. Ƙungiyoyin mishan da ya nema suka juya masa baya. Bai tsaya jiransu ba, sai ya kafa tasa ƙungiyar a 1956, ya bi coci-coci yana neman gudummawa. A 1957, shekarar da Gana ta sami mulkin kai, ya sauka Akara, ya ari aji guda a unguwar Osu, ya fara da ɗalibai 12. Kafin a jima jama'a suka yi ta kawo 'ya'yansu daga nesa, har aka mai da makarantar garin Mampong don samun fili.

A 1960 ya tsallako Nijeriya ya buɗe makaranta a Ibadan, daga baya kuma a Inugu da Kaduna, nan kusa da mu. A Ibadan ɗin ne ya auri Berta, wata kurma Bajamushiya, a 1961, suka haifi 'ya'ya biyar.

Abin da ya bambanta shi da yawancin malaman zamaninsa shi ne ra'ayinsa game da hannu. Tun taron da aka yi a Milan ta ƙasar Italiya a 1880, makarantun Turai da yawa suka hana kurame maganar hannu, suka tilasta musu karanta leɓe da ƙoƙarin furta abin da ba su taɓa ji ba. Foster ya ɗanɗana duniyar masu ji da ta kurame, ya san iyakar abin da ido zai iya tsinta daga leɓe. Don haka ya koyar da hannu, da rubutu, da magana ga wanda zai iya, duk a haɗe. Ya kuma fahimci cewa baƙo ba ya dawwama, sai ya duƙufa horar da kurame su zama malaman 'yan'uwansu. Waɗansu ya tura su Gallaudet suka dawo suka shugabanci makarantu. Waɗansu kuma suka zo Ibadan daga ƙasashen da Faransa ta raina suka karɓi horo, har aikin ya kai Cadi a 1976. Kafin rasuwarsa ya kafa makarantu fiye da 30 a ƙasashe 13.

Sai dai akwai magana a nan. Foster bai tarar da ƙasar Hausa babu maganar hannu ba. Kuramenmu sun daɗe da tasu, wadda ake koyo a gida da kasuwa, ba a aji ba, kuma mai ji ba ya jin kunyar yin ta da maƙwabcinsa kurma wajen ciniki ko gaisuwa. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi nazarinta a Kano ta fitar da littafi a kanta a shekarar 2000. Abin da Foster ya kawo kuwa maganar hannu ce ta Amurka, ita ce kuma ta zauna a makarantu, har da ta Tudun Maliki da aka buɗe a Kano a 1977. A ganinmu, wannan shi ne inda aikinsa ya bar baya da ƙura, domin yaro yakan dawo hutu da alamun da iyayensa ba su sani ba. Magidancin da ya kurumce da girmansa a Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana ya fi saurin komawa cikin jama'a da ta gida. Ta makaranta kuwa ita ce take kai yaro ga takarda. Duk da haka, ba don Foster ba da wuya a ce takardar ta iso hannun kurame da wuri haka.

Gallaudet ta ba shi digirin girmamawa na dokta a 1970. Ran 3 ga watan Disamba, 1987, yana kan hanyarsa ta zuwa Kenya, ƙaramin jirgin saman da ya shiga ya faɗi a ƙasar Ruwanda, ya rasu yana da shekara 62. Matarsa Berta ta ci gaba da riƙon ƙungiyar bayansa, a 2004 kuma Gallaudet ta sa wa wani babban ɗakin taronta sunansa.