Abubakar Imam

Alhaji Abubakar Imam (1911 – 19 ga Yuni, 1981) marubuci ne kuma ɗan jarida daga Arewacin Najeriya. Yana cikin mutanen farko da suka rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, kuma shi ne Bahaushe na farko da ya zama editan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malamin addini ne, don haka Imam ya fara da karatun allo da na Larabci a gida. Daga baya ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, ya gama a 1932, sannan ya fara koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

Littafinsa na farko

A wancan lokaci makarantun boko na Arewa ba su da isassun littattafan karatu na Hausa. Malamai sun saba rubuta waƙoƙi da littattafan addini, amma ƙagaggen labari ba a ɗauke shi aikin malami ba. Saboda haka a 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta labarai. East ya zagaya manyan garuruwa yana neman malamai su shiga.

Imam yana da shekara 22 lokacin da ya aika da Ruwan Bagaja. Labari ne na wani Alhaji Imam da ya fita duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta karo da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe. East ya karanta rubutun, ya gyara shi, ya kuma ja hankalin marubucin kan sassan da ya aro daga wasu littattafai. Masu nazari sun nuna tasirin Maƙamatul Hariri a cikin labarin.

An buga littafin tare da wasu huɗu: Ganɗoki na yayansa Muhammadu Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Waɗannan biyar ake ɗauka a matsayin tushen ƙagaggun labaran Hausa na boko.

Sauran ayyuka

Ganin gwanintarsa, East ya nemi a ba da aron Imam zuwa Zariya a 1936. A can ya rubuta Magana Jari Ce, juzu'i uku, inda ya tattaro labarai daga littattafan Larabawa da Turawa da na ƙasashen Gabas, ya sa musu rigar Hausa, ya ɗora su a bakin wani aku.

A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam ya riƙe ta shekaru da dama. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma tare da Nnamdi Azikiwe, ya ba da labarin tafiyar a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi. Bayan ya bar jarida ya yi aiki a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Jihar Arewa.

Rasuwa

Ya rasu a Zariya a 1981. Har yau ana karanta Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce a makarantun sakandare da jami'o'i.