Ernest Willows, Maƙerin Ƙananan Jiragen Balan-balan

An haifi Ernest Willows a birnin Kadif na ƙasar Wales a shekarar 1886. An sa shi koyon aikin likitan haƙori, amma hankalinsa na sararin sama. Yana da shekara 19, watau a 1905, ya haɗa jirginsa na farko: ƙatuwar jaka mai siffar salka cike da iskar gas mara nauyi, ga injin babur a ƙarƙashinta yana juya farfela. A zamanin nan Jamusawa sun duƙufa kan manyan jiragen Zeppelin, shi kuwa ƙarami ya sa a gaba, wanda mutum ɗaya ko biyu za su iya sarrafawa.

A 1910 ya tashi daga Kadif ya sauka Landan, kuma a watan Nuwamba na wannan shekara ya haye teku cikin dare daga Ingila zuwa Faransa, abin da wani jirgin balan-balan bai taɓa yi ba ta wannan fuska. Rundunar sojan ruwa ta Ingila ta sayi jirginsa na huɗu a 1912.

Amfanin wannan ciniki bai fito ba sai da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. A farkon 1915 jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka addabi jiragen kayan Ingila, sai shugaban rundunar, Admiral Fisher, ya nemi ƙaramin jirgin sintiri cikin gaggawa. Aka ɗauko tsohuwar jakar jirgin Willows, aka rataya mata gangar jikin wani jirgin sama da aka cire wa fukafukai, cikin 'yan makonni ta tashi. Daga nan aka sami jiragen da ake kira SS. Abin takaici, sabon da shi Willows ya tsara domin wannan aiki bai karɓu ba. Tsohuwar jakarsa ce ta yi suna.

A 1916 aka yi wa ɗaya daga cikinsu, SS-40, baƙar jaka don kada a hango shi da dare, da nufin sauke 'yan leƙen asiri a bayan sahun Jamusawa. An kai shi Faransa lokacin gumurzun Somme, ya yi ta shawagin dare, amma abin da ya samo bai taka kara ya karya ba, aka mai da shi gida.

Willows dai bai tara abin duniya ba. Bayan yaƙi ya koma ɗaukar 'yan kallo a wuraren biki cikin balan-balan ɗaure da igiya. A watan Agusta 1926, wata tara bayan saukar jiragen sama na farko a Kano, kwandon ya rabu da jakar a Kempston kusa da Bedford, ya rasu tare da waɗanda ya ɗauka, yana da shekara 40. An binne shi a Kadif.