Frank Hornby: Akawun da jiragen wasansa suka zama dukiyar gwanjo

A zamanin da manoman Danja da Bakori da Malumfashi ke kai audugarsu gidan gurza, daga nan a loda ta a taragon jirgin ƙasa a tashar Funtua, akasarin dilolin sukan ƙare tafiyarsu ne a birnin Liverpool na ƙasar Ingila, wanda shi ne mashigar auduga zuwa masaƙun ƙasar. A cikin wannan birni, a daidai waɗancan shekaru, akwai wata masana'anta da ke ƙera ƙananan jiragen ƙasa na wasa. Mai ita shi ne Frank Hornby, kuma kayan wasan da ya ƙera wa yara su ne yau dattawa ke gogayya a kansu a dakunan gwanjo.

An haifi Hornby a Liverpool ranar 15 ga Mayu, 1863. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da kayan masarufi. Yana ɗan shekara 16 ya bar makaranta ya kama aikin riƙe kuɗi a wurin mahaifin nasa, daga baya ya zama akawu a wurin wani mai shigo da nama daga ƙasashen waje, David Elliott. A 1887 ya auri Clara Godefroy. Bai yi karatun injiniya ba ko na rana ɗaya, sai dai yana da ɗan ɗakin ƙere-ƙere a gida inda yake ɓata yammacinsa.

Domin ya faranta wa 'ya'yansa maza biyu, Roland da Douglas, ya riƙa yanka farantin ƙarfe yana haɗa musu gada da mota da injin ɗaga kaya. Nan dabara ta faɗo masa: idan aka yanka ƙarfen sille-sille, aka huda shi a tazara iri ɗaya, rabin inci tsakanin kowane huji da na kusa da shi, yaro zai iya ɗaure su da noti ya gina abu, ya kwance, ya sake gina wani. A watan Janairun 1901 ya yi rajistar mallakar wannan ƙirƙira, kuma fam biyar ɗin da ya biya aro ya yi daga ubangidansa.

Shekarun farko ba su zo da sauƙi ba, domin masana'antun da ya ba aikin ba sa fitar da kayan yadda yake so, ciniki kuma na tafiyar hawainiya. Bai saki aikin akawu ba sai da sana'ar ta tsaya da ƙafafunta. A 1907 ya raɗa wa kayan suna Meccano, a 1908 ya kafa kamfani, a 1914 ya buɗe babbar masana'anta a titin Binns da ke Liverpool. Bayan shekara biyu ya fara buga mujallar Meccano, wadda ta zame masa hanyar riƙe abokan ciniki a ƙasashe da dama.

Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kamfanonin Jamus irin su Bing da Märklin su ke riƙe da kasuwar jiragen wasa a Ingila. Yaƙin ya yanke wannan hanya, kuma bayansa Turawan Ingila suka juya wa kayan Jamus baya. Hornby ya ga giɓin ya shiga. A 1920 ya fitar da jirginsa na farko, wanda ake murɗa wa makulli kamar agogon da, yana gudu a kan dogo mai faɗin milimita 32. A 1925 ya fitar da mai aiki da lantarki. Ya riƙa yi musu fenti da launukan kamfanonin jiragen ƙasa na gaske, ya haɗa da taragai da tashoshi da alamomin hanya, ta yadda wanda ya sayi kan jirgi bana zai dawo baɗi neman ƙari. A 1934 ƙananan motocinsa na Dinky suka shiga kasuwa.

Arziki ya kai shi siyasa. A 1931 aka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki mai wakiltar mazaɓar Everton a ƙarƙashin jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, ya sauka a 1935 lokacin da jiki ya fara gazawa. Ya mutu ranar 21 ga Satumba, 1936, yana da shekara 73, sakamakon ciwon zuciya da ciwon sukari. Bai ga samfurin Hornby Dublo ba, wanda kamfanin ya fitar a 1938 a kan dogo mai kusan rabin faɗin na farko. Kamfanin ya faɗa hannun abokan hamayyarsa, Lines Brothers, a 1964, masana'antar titin Binns kuma aka rufe ta a 1979.

Rufe masana'antar bai kashe kasuwar ba, sauya mata fuska ya yi. Yaran da suka yi wasa da jiragen sun girma sun samu abin hannu, suka shiga neman abin da suka sani a ƙuruciya, alhali ba a ƙara ƙera irinsa. Tun 1969 masu tara jiragen Hornby suka kafa ƙungiyarsu a Ingila, kuma akwai gidajen gwanjo, irin su Vectis, da suka ƙware a tsofaffin kayan wasa.

Yadda ake yi wa kan jirgi kuɗi a can ba zai zama baƙo ga ɗan kasuwarmu ba. Abu na farko da dillali ke dubawa shi ne fenti: na asali, ko da ya ɗan kuje, ya fi sabon da aka shafa daraja, domin gyara yana karya farashi. Sai ya duba ƙafafun, saboda gamin ƙarfen da aka zuba wasu da shi yakan kumbura ya tsage idan ya tsufa. Sai ya tambayi kwali da makulli da takardar bayani, domin jirgin da ya zo da kwalinsa na asali yakan zarce tsiraicinsa nesa ba kusa ba. Daga ƙarshe sai ƙaranci. Samfurin da aka buga dubbai ba ya wuce 'yan fama-famai, amma wanda aka yi kaɗan, kamar waɗanda aka yi wa fenti na musamman domin kasuwannin ƙetare, ko kan jirgin Princess Elizabeth na 1937 da ke zuwa cikin akwatin katako, mai kyansa yakan haura fam dubu. Gidan gwanjo yana cire la'adarsa daga mai sayarwa, ya kuma ɗora wa mai saye tasa.

A nan gida, jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, layin da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtua da Gusau kuma ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Wannan zamani ya bar fitilu da agogo da ƙararrawa da allunan suna da tikitoci a gidajen tsofaffin ma'aikatan reluwe. Idan mai gida ya kwanta dama, sau da yawa magada kan kira 'yan gwangwan su ɗora ƙarfen a sikeli su biya kuɗin kilo, takardun kuma su tafi wurin mai ƙosai. Gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Legas yana adana irin waɗannan kayayyaki domin masu ziyara. Kafin a kira mai sikeli, ya kamata magaji ya share ƙurar abin da ya gada, ya karanta sunan maƙerinsa da shekararsa, ya bar masa fentinsa, sannan ya nemi wanda ya san darajarsa.