Pelle Lindbergh, mai tsaron ragar da mutuwa ta yanke wa hanzari

A ƙasashen arewacin duniya, inda sanyi yake daskarar da ruwa, akwai wani wasa da ake kira ƙwallon gora na kan ƙanƙara. Mutum shida-shida ke karawa, kowa da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa da sanda mai lanƙwasa a hannu. Abin da suke bugawa ɗan faifan roba ne mai tauri, nauyinsa wajen giram 170, gudunsa kuwa yakan wuce kilomita 150 a awa. Wanda aka ɗora wa tare wannan faifai shi ne mai tsaron raga. Cikin masu wannan aiki, akwai wani saurayi da har yau ake juyayin rashinsa, sunansa Pelle Lindbergh.

An haife shi ran 24 ga watan Mayu 1959 a Stockholm, babban birnin ƙasar Suwidin. Ya fara wasa a ƙungiyar Hammarby, kuma tun yana yaro ya ƙwallafa rai ga Bernie Parent, mai tsaron ragar ƙungiyar Flyers ta birnin Philadelphia a Amurka, har ya riƙa sa farar garkuwar fuska irin tasa. Allah da ikonsa, a 1979 ƙungiyar nan ce ta zaɓe shi.

Kafin ya ƙetare teku, ya tsare wa ƙasarsa raga a wasannin Olamfik na 1980 a Lake Placid. Amurka ce ta ɗauki zinariya, ta doke kowa in ban da Suwidin, wadda suka tashi 2 da 2. Ƴan Suwidin suka koma gida da tagulla.

A wancan zamani, masu ƙungiyoyin babbar gasar Amurka da Kanada, wato NHL, ba su amince da masu tsaron raga na Turai ba. Filin Turai ya fi faɗi, wasan kuma bai kai na Amurka zafi da gwabzawa ba. Ga shi Lindbergh ba dogo ba ne. Sai da ya fara daga ƙaramar ƙungiya, Maine Mariners, inda a 1981 aka zaɓe shi gwanin gwanayen gasar. Da ya hau babbar ƙungiya, al'amari bai zo masa da sauƙi ba: kakar 1983-1984 ta yi masa muni ƙwarai. Bernie Parent, wanda a lokacin ya zama mai horar da masu tsaron ragar ƙungiyar, shi ya zauna da shi ya gyara masa tsayuwa, ya kwantar masa da hankali.

Kakar 1984-1985 ita ce ta fito da shi sarari. Ya yi wasa 65, ya ci 40, ba wanda ya kai shi a shekarar. Ya kai Flyers wasan ƙarshe na kofin Stanley, inda ƙungiyar Edmonton ta Wayne Gretzky ta rinjaye su. Aka ba shi kyautar Vezina ta mai tsaron ragar da ya fi kowa, ya zama ɗan Turai na farko da ya same ta. Shekarunsa 26 kacal, alhali masu wannan aiki sukan kai ƙarfinsu ne wajen shekara talatin.

Sabuwar kaka ta soma, ƙungiyar tana ta cin wasanni a jere. Da asubahin ran 10 ga watan Nuwamba 1985, bayan wani liyafa da abokan wasansa, Lindbergh ya tuƙa motarsa ƙirar Porsche da gudu, ya ci karo da katanga gaban wata makarantar firamare a garin Somerdale na jihar New Jersey. Mutum biyu da ke tare da shi suka ji mummunan rauni. Awon likita ya nuna giyar da ke jininsa ta ninka abin da doka ta yarda fiye da sau biyu. Ƙwaƙwalwarsa ta daina aiki, washegari ya cika. Iyayensa suka yarda aka ba marasa lafiya wasu sassan jikinsa. An binne shi a Stockholm.

Bayan rasuwarsa, ƴan kallo suka zaɓe shi da ƙuri'unsu don wasan gwanaye na 1986. Flyers ba ta sake ba kowa lambarsa 31 ba, ta kuma kafa kyauta da sunansa ga ɗan wasan da ya fi samun ci gaba. Ƙofar da ya buɗe wasu ne suka shiga: Dominik Hasek na ƙasar Cek ya ɗauki Vezina sau 6 daga 1994, Henrik Lundqvist na Suwidin ya ɗauke ta a 2012. Shi kuwa Lindbergh, wasa 157 kaɗai ya samu yi a gasar, kofin Stanley da ya kusa kaiwa bai taɓa ɗaga shi ba. Giya da gudun mota na dare ɗaya suka raba shi da sauran.